Taswira, Gona da Bututun Gas: Tarihin Awon Ƙasar Kazaure da Babura

Tun daga ranar 30 ga Yuni, 2020, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna har Kano, maganar gas ta shiga bakin mutanen Arewa. Wasu na hangen wutar lantarki, wasu na hangen takin zamani mai araha, matan gida kuwa na hangen ranar da za su huta da hayaƙin itace. Duk wannan fata ne mai kyau. Sai dai akwai wani ɓangare na zancen da ba a cika taɓowa ba, wato ƙasar da bututun zai kwanta a cikinta, da masu ƙasar, da kuma takardar da za a buɗe ranar da aka zo tantance gonar wane ce ta tsaya a ina. Wannan takarda ita ce taswira. Tarihinta a yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura shi ne abin da nake so mu duba, domin kuwa duk lokacin da wani ya zo ya zana wannan ƙasa a takarda, akwai abin da ke biyo bayan zanen. An zana, iyaka ta biyo baya. An zana, haraji ya biyo baya. An zana, ruwan dam ya biyo baya.

Kafin zuwan masu awo

Kakanninmu sun san ƙasarsu ciki da bai ba tare da takarda ba. Iyakar gona gamba ce da aka dasa a jere, ko kututturen gawo, ko tsamiyar da kowa a ƙauye ya san wanda ya gaje ta. Idan rigima ta tashi, mai unguwa ya tara dattawa a taka wurin da ƙafa, wanda ya ga lokacin da aka sare dajin ya faɗi abin da ya gani. Iyakar sarauta ma haka take. Ƙasar sarki ta tsaya ne inda garin ƙarshe da ke kai masa gaisuwa ya tsaya, tsakaninsa da na maƙwabcinsa kuwa daji ne na kowa, na mafarauta da makiyaya da 'yan fashi.

Masarautar Kazaure kanta haka ta samu. Ɗan Tunku, wanda ya taimaka wa masu jihadi tun farko, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan hawansa a 1819, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani ya tabbatar masa da ƙasarsa, wadda aka yanko daga gefen Kano da Katsina da Daura. Ɗansa Dambo, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ya ƙarfafa ta. Duwatsun Kazaure da na Roni sun yi wa wannan ƙaramar masarauta aikin garkuwa, ita kuwa Babura garin bakin iyaka ne na Kano, tana fuskantar dawakin Damagaram.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa zanen ƙasa baƙon abu ne gare mu. Lokacin da Bature Kilafaton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar ana cikin yaƙin Ɗan Tunku, har ya ambace shi a labarin tafiyarsa. Da ya ƙarasa Sakkwato, ya samo daga fadar Muhammadu Bello taswirar da ke nuna Kwara da ƙasashen da ke kewaye, aka buga ta a Landan a 1826. Bayansa Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851. Ƙafarsa ba ta taka Kazaure ba, amma ya zauna da fatake yana tambayarsu zango-zango, daga wane gari sai wane gari, kwana nawa, ina rijiya. Da waɗannan bayanai aka zana taswirorin littafinsa a Jamus. Wato ke nan abubuwa da yawa da ke cikin taswirorin da Turai ta mallaka na ƙasarmu a wancan zamani, daga bakin fatakenmu aka kwashe su.

Layin da ya tsaya a bayan Babura

Zanen da ya fara yi mana tasiri kai tsaye an yi shi ne a inda babu ko mutum ɗaya daga cikinmu. A watan Agusta na 1890, Ingila da Faransa suka ja layi daga garin Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka ce arewa na Faransa, kudu na Ingila. A watan Yuni na 1898 suka sake zama a Faris suka gyara shi. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, sai suka gane cewa rabon ya bar su da ƙishirwa, domin hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram babu isassun rijiyoyi a kanta. Saboda haka a yarjejeniyar watan Afrilu na 1904, shekara guda bayan faɗuwar Kano, Ingila ta yarda a turo layin kudu, ita kuma Faransa ta saki wasu haƙƙoƙin kamun kifi da take da su a gaɓar Niyufanlan, can gabashin Kanada. Ka ji fa, mai karatu. Kifin tekun da ba mu taɓa gani ba yana cikin abin da aka yi cinikin ƙasar Hausa da shi.

Bayan wata yarjejeniyar ta watan Mayu na 1906, aka turo masu awo su kafa layin a ƙasa. Manjo O'Shee ya jagoranci ɓangaren Ingila, Kyaftin Tilho na Faransa, suka yi daga 1906 zuwa 1908 suna auna taurari da dare, suna ƙidaya rijiyoyi da rana, suna kafa turaku har 148 daga Kwara zuwa Chadi. An sa hannu a kan aikinsu a 1910. Wannan layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500 shi ne har yau ya raba Babura da ƙasar Magarya, ya mai da ɗan'uwa baƙo, ya sa mai kai gero kasuwar da kakansa ke ci ya zama mai tsallaka iyaka. Taswirorin da Tilho ya wallafa bayan aikin suna cikin tsofaffin takardun da suka nuna ƙauyuka da rijiyoyin wannan bakin iyaka dalla-dalla.

Malaman taki

Awo na biyu ya shigo ne ta ƙofar Baitulmali. A 1910 Turawa suka yi dokar da ta ce dukkan ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita a madadin jama'a. A daidai wannan zamani, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta fara koya wa matasa lissafi da awon ƙasa. Daga nan aka samu malaman taki, waɗanda ke zagaya gona suna ƙirga takun ƙafarsu, su fitar da ekarta, a yanka wa mai ita kuɗin ƙasa gwargwadon faɗinta. An fara wannan a gundumomin da ke kewaye da birnin Kano, amma darasinsa ya isa ko'ina: gona ta zama lamba a littafin En'e. Daga nan talaka ya koyi cewa ganin mai igiyar awo a bakin gona ba alheri ba ne. Wannan tsoro bai bar mu ba har yau, kuma yana cikin dalilan da suka sa manoma da yawa ba su da wata takarda a kan gonakinsu. Abin da ya kare kakanni daga haraji, shi ne yake neman barin jikoki ba hujja.

Hoto daga sama

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka. Jiragen sama suka riƙa shawagi suna ɗaukar hoton ƙasa jere-jere, masu awo a ƙasa suna kafa alamomi a kan duwatsu, duk ana jingina lissafin da wata tushiyar awo da ke Minna. Daga waɗannan hotuna ne Ma'aikatar Safiyo ta Tarayya da takwararta ta Ingila suka fitar da taswirorin tudu da kwari na Nijeriya, akasari a shekarun 1950 zuwa 1970. Kowane falle yana ɗauke da sunan babban garin da ke cikinsa. A mafi bayaninsu, santimita 2 a takarda daidai yake da kilomita 1 a ƙasa, don haka har ƙaramin ƙauye da turbar ƙafa suna fitowa.

Karanta irin wannan taswira ba shi da wuya. Shuɗi ruwa ne, wato gulbi da tafki da fadama. Baƙi aikin ɗan Adam ne, gidaje da ganuwa da turba. Siraran layuka masu launin ƙasa kuwa su ne ke nuna tsayi: kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Inda suka matsu da juna, hawa ne mai tsauri, kamar yadda za ka gani a duwatsun Kazaure da Roni. Inda suka yi nesa da juna, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, kamar yadda take in ka miƙa wajen Babura.

Darajar waɗannan takardu ita ce lokacin da aka yi su. Sun kama ƙasar kafin farin 1973, kafin madatsun ruwan zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, irin su dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure. Sun kama ta kafin garuruwa su cinye gonakin bayan ganuwa, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, a ja sabbin iyakoki tsakaninta da Kano da Katsina. Wanda ya ɗora tsohon falle kusa da hoton tauraron ɗan Adam na yau zai ga inda daji ya koma gona, inda fadama ta koma tafki, inda ƙauye ya koma kufai.

Amma taswira tana da makanta. Tana nuna gona, ba ta nuna mai gona. Tana iya nuna turba, amma ba ta faɗi cewa burtali ce da shanu ke bi zuwa mashaya tun zamanin Dambo. Ba ta san kukar da ake shan inuwarta ranar kasuwa ba, ko tsohuwar makabartar da ciyawa ta rufe. Sunaye ma da yawa kunnen baƙo ne ya ji su, hannun baƙo ya rubuta. Shi ya sa takarda ita kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an haɗa ta da bakin dattawa.

Shin akwai gas a ƙarƙashinmu?

Layukan tudu da kwarin nan suna ba da wani labarin na daban ga mai neman mai da gas. Kazaure da Roni da Gwiwa suna zaune ne a kan tsohon dutse mai shekaru sama da miliyan 500, irin wanda zafi da matsi suka riga suka gasa. Irin wannan dutse ba ya riƙe mai ko gas. In ka nufi gabas da arewa maso gabas ta wajen Babura, dutsen yana nutsewa ƙarƙashin yashi da yumɓu, farkon kwarin Chadi ke nan, kuma jigayin yashin da ke cikinsa ne suka ba jihar sunanta. Sai dai a nan bakin kwarin yashin bai yi kaurin da ake bukata ba. Sai an yi nisa can ciki ake samun zurfin dubban mitoci. A Barno, kamfanin mai na ƙasa ya haƙa rijiyoyi 23, biyu daga ciki suka nuna alamar gas wanda bai kai na kasuwa ba. A Nijar kuwa an dace a Agadem, inda kamfanin Sin ya fara aiki a 2008, aka buɗe matatar da ke arewa da Damagaram a 2011. A kudu da mu akwai Kolmani, inda aka ƙaddamar da haƙa a watan Nuwamba na 2022, kuma tun kafin a sayar da ganga ɗaya aka fara ja-in-ja tsakanin mutanen Bauchi da na Gombe kan ƙasar wa rijiyoyin suke. Dajin da ba wanda ya damu da iyakarsa jiya, yau kowa na neman tsohuwar taswira.

Saboda haka rabon yankinmu a harkar gas shi ne na hanya. Bututun Ajakuta mai tsawon kilomita 614 zai tsaya a Kano. Amma tun a watan Yuli na 2009 Nijeriya da Nijar da Aljeriya suka sa hannu a Abuja kan bututun da zai ratsa Sahara, mai tsawon sama da kilomita 4,000, suka sabunta alkawarin a 2022. Duk hanyar da zai bi daga Kano zuwa Nijar, dole ya ratsa gonakin Katsina ko na Jigawa. Mun ma riga mun ga samfuri: layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, ya biyo ta Dambatta da Kazaure zuwa Daura, yana tsaga gonaki gida biyu.

Darasi daga ƙasar Holan

Domin mu ga abin da gas ke yi wa karkara, bari mu leƙa ƙasar da ta rigaye mu. Lardin Groningen a arewacin Holan shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ce, babu ko tudu. A 1959 aka tono gas a wata gona kusa da ƙauyen Slochteren, a zurfin kusan kilomita 3, ya zama rumbun gas mafi girma a Turai. An fara ɗiba a 1963. Holan ta yi arziki da shi, gwamnati kaɗai ta samu sama da Yuro biliyan 360. Amma da aka yi ta zuƙe gas, dutsen da ke riƙe da shi ya fara matsewa, ƙasa ta riƙa sauka a hankali, sannan girgizar ƙasa ta biyo baya. Mafi ƙarfinta ta auku a ƙauyen Huizinge a watan Agusta na 2012, mai ƙarfin 3.6. Dubban gidaje suka tsattsage. Manoma suka yi shekaru suna fama da tambaya guda: ina hujjarka cewa gas ne ya fasa maka bango? Sai daga baya aka gyara doka, nauyin kawo hujja ya koma kan kamfani. An dakatar da ɗiba a watan Oktoba na 2023, aka rufe wurin da doka a 2024.

Abin da ya taimaki mutanen Groningen shi ne suna da awo na kafin da na bayan. Hukumar filayensu tana sabunta taswira a kai a kai, ta kuma ɗora na shekara 200, tun daga 1815, a intanet kyauta. Kowa na iya ganin shekarar da tashar gas ta fito a tsakiyar gonaki, masu awo kuma na iya nuna santimita nawa ƙasa ta sauka. Idan mutanen da ke da wannan duka sun sha wuya kafin a saurare su, ina ga wanda shaidarsa gamba ce? A nan gida ma, mutanen Finima a tsibirin Boni sai da aka tashe su daga tsohon garinsu domin gina masana'antar gas da ta fara fitar da kaya a 1999.

Gaskiya ne bututu mai wucewa ba ya jawo girgizar ƙasa. Abin da yake yi shi ne ya yanki zirin ƙasa mai tsawo wanda ba a gini a kansa, ba a dasa itace, ya kawo hanyoyin manyan motoci da ramukan ɗibar ƙasa, ya tare hanyar ruwa ko ta shanu in ba a lura ba. Ga kuma abin da doka ta ce. Kundin tsarin mulki ya ba Gwamnatin Tarayya duk mai da gas da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, ciki har da bututu, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, wato gini da shuka da itatuwa masu amfani. Ke nan wanda ba a ƙirga ɗorawarsa da mangwaronsa ba, ya yi asara. Burtali da mashaya da makiyaya kuwa, da yake na kowa ne, su ne suka fi saurin ɓacewa, domin ba mai tsayawa a layin diyya da sunansu.

Abin da ya rage gare mu

Tsofaffin taswirorin nan ba su ɓata ba. Akwai su a ofishin Babban Safiyo na Tarayya a Abuja, da ɗakunan taswira na jami'o'in Zariya da Kano. Rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Hotunan saman da jiragen Ingila suka ɗauka kuwa suna ajiye a birnin Edinbara. Abin da ya kamata shi ne majalisun masarautun Kazaure da Ringim, tare da ƙananan hukumomi, su nemo kwafinsu su ajiye inda talaka zai iya gani. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu za su iya ɗaukar falle ɗaya-ɗaya su zauna da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo, a gyara sunayen da aka karkatar, a sa kowace burtali da makabarta da rijiya a muhallinta, tun dattawan da suka san su suna raye. Jigawa ta taɓa yin makamancin wannan a zamanin Gwamna Sule Lamido, lokacin da aka sake shata burtalai da makiyaya, don haka ba sabon aiki ba ne. Wayar da ke aljihun kowane saurayi a yau tana iya auna kusurwar gona cikin minti kaɗan, aikin da ya ɗauki Tilho dare guda yana kallon taurari.

Marubutanmu ma akwai nasu kason. Labaran soyayya da na zaman gida sun cika kasuwa, amma labarin iyalin da layi ya raba gonarsu biyu, ko na ƙauyen da ya kwanta ƙarƙashin ruwan dam, yana nan yana jiran mai rubutawa, kuma tsohuwar taswira cike take da sunayen garuruwan da za a fara da su.

A 1890 an zana ƙasarmu ba mu nan. A zamanin taki an auna ta muna ɓoye fuska. Wannan karon, kafin masu jan layin bututu su iso, ya kyautu su tarar mun riga mun zana tamu, da sunayenmu da shaidunmu. Hausawa dai sun ce, tun ran gini, ran zane.